Lauya Ta Ƙi Saukowa

Ni ce mai buga wa Lauya takardu. Tun tana 'yar siririya, rigar kotu tana yi mata yawa a kafaɗa, nake zaune a teburin da ke bakin ƙofarta, har ga shi yanzu mu biyun sai mun dafa bango muke hawa bene. Saboda haka in na ba da labarinta kada wani ya ce na yi ƙari. Abin da idona ya gani zan faɗa, wanda ya ji haushi ya kora da ruwa.

Ba ita ta zaɓi shari'ar iyali ba, jefa mata aka yi. Lokacin da ta zo, lauyoyin ofishinmu duk maza ne, kowa idonsa yana kan shari'ar fili da ta kamfani. Da zarar mace ta shigo da goyo tana share hawaye, sai ka ga kowa ya tuna ana jiransa a kotu. Mai Ofis, wato babban lauyan da ya kafa wurin, ya dube ta ya ce, "Ke mace ce, kin fi mu iya sauraron kuka." Shi ke nan fa. Saki, riƙon yara, ciyarwa, rigimar gado tsakanin wa da ƙane, duk aka tara mata a wani ɗan ɗaki kusa da banɗaki, mai fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama.

Ta iya aikin kuwa, gaskiya ɗaya ce. A kotu ba ta da hayaniya. Takan bar mutum ya yi ta zuba har ya gaji, sannan ta yi masa tambaya guda, ka ga ya fara neman ruwan sha. Amma ba kotu ce ta cinye mata rayuwa ba. Asabar ce.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Alƙali zai ce yaro ya zauna wurin uwarsa, uba ya riƙa ɗaukarsa ranar Asabar da safe, ya dawo da shi da yamma. Ya rufe littafinsa ya tashi. To a ina za a miƙa yaron? Wannan ba ruwan alƙali. A ƙofar gida ake yi, a nan kuma ake tone-tone. Kawu ya fito, kaka ta fito, maƙwabta su leƙo ta taga, yaro yana tsaye da 'yar jakarsa yana rarraba ido. Kafin wata ya zagayo an koma kotu. Wata rana Lauya ta gaji da wasu mutum biyu da suka hana ta sakat, ta ce, "Ku kawo shi ofis, ni zan miƙa." Wallahi da na san abin da maganar nan za ta haifa, da na toshe mata baki da hannuna.

Ofishinmu ƙofa biyu gare shi. Ta gaba tana kallon babban titi, ta baya tana fita wani lungu inda masu faci suke. Tsakaninsu akwai dogon baranda mai duhu, an jera akwatunan fayil a gefe, ga famfo da ɗan madubi a tsakiya. Sai ta kafa doka: mai kawo yaro ya shigo ta gaba, mai karɓa ya jira a baya, a waje. Ba sa ganin juna, ba sa jin muryar juna, ba a ba yaro saƙo ya kai. Ita ce za ta kama hannun yaron ta ratsa barandan da shi a hankali, sai ka ce mai tsoron taka ƙwai, tana tambayarsa sunan malamarsu ko wanda ya saya masa takalmi. In sun kai famfo ta wanke masa fuska tas, ta goge. Takan ce, "Uban da ya ga ɗansa da hawaye cewa zai yi an zuga shi. Uwar da ta gan shi da hawaye da yamma cewa za ta yi an dake shi. Gara kukan ya ƙare a hannuna."

Daga yaro ɗaya aka koma biyu, aka koma cikin ɗaki. Labari ya bazu, har lauyoyin wasu ofisoshi, marasa kunya, suna turo mana nasu. Yara suka sa mata Goggon Ofis. Ni ma aka ja ni ciki, don dole a sami mai tsaron ƙofar baya. Maigidana ya yi mita har ya gaji ya daina.

Nata maigidan malamin makaranta ne, mutum mai haƙurin da har yakan ba ni haushi. Shi ya yi rainon 'ya'yansu a ranakun hutu. Babban ɗanta, tun yana ƙarami bakinsa ba ya shiru, ya taɓa zuwa ofis ya tsaya yana kallon yaran da ke jiran layi, ya ce, "Mama, mu ma Baba ya kai ki kotu mana, ko ma samu Asabar ɗinmu." Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Da ya tafi ta shiga ɗakinta ta daɗe ba ta kira ni ba. 'Yan'uwanta kuwa tun tuni suka daina gaya mata sha'ani, sai dai ta ji an yi an gama.

Ƙarin girma ma haka ya riƙa wuce ta. Taron ƙungiyar lauyoyi Asabar, kwas Asabar, zaman da ake yi da manya a san juna Asabar. Yaran da ta koya wa yadda ake tsayuwa gaban alƙali suka zo suka wuce, aka rubuta sunayensu a allon ƙofa, ita tana nan kusa da banɗaki. Kada kuma wani ya yi mata ƙaryar cewa ba ta damu ba. Ta damu ƙwarai. Ranar da aka ƙara sunan wani da ta raina a hannunta, ta fita ta tsaya a titi tana kallon allon, ta dawo ta ce kanta yana ciwo. Mace ce mai son a ce ta yi, kamar kowa.

Jiki magayi. Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a harabar kotu, jininta ya hau, aka kwantar da ita. Asabar ta zo, na ce to, ai na ga yadda ake yi, bari in gwada. Ina! Ba uwar da ta yarda ta sakar mini hannun ɗanta. Ni da suka sani shekara da shekaru, ni da nake ba 'ya'yansu ruwa, suka dube ni kamar yau suka fara ganina. "Ina Lauya?" Kowa "ina Lauya?" Iyaye maza suka yi ta tsayuwa a lungu har rana ta take, suka watse. Da na je asibiti na gaya mata, na zaci za ta ji daɗi, ai an nuna ba kamarta. Sai ta juya fuska bango.

Bayan ta warware, Mai Ofis ya kira ta sama. Ya tsufa a lokacin, kunnensa ya yi nauyi, saboda haka duk abin da ya faɗa na ji daga bakin ƙofa. Ya ce ya naɗa ta shugabar sashen iyali, da ɗakinta a bene, da ƙananan lauyoyi a ƙarƙashinta, kuma za a sa sunanta a allo. Sannan ya ce, "Amma ki ji ni da kyau. Abin nan da kika gina a ƙasa ba na ofis ba ne, naki ne ke kaɗai. Kin faɗi, ya faɗi. In kina son ya yi tsawon rai, ki cire hannunki tun kina da ranki."

Ta ce, "Na riga na yi wannan tunanin a gadon asibiti, ranka ya daɗe."

Cikin ƙananan lauyoyin ta zaɓi wadda muke kira Auta, don ita ce ƙaramarmu. Yarinya ce mai kaifin kai, ga saurin ƙafa, ga taushin zuciya, in ta ga kyanwa a rana sai ta nema mata inuwa. Lauya ta riƙa ratsa barandan da ita, yaro a tsakiya, kowa riƙe da hannu ɗaya, har yaran suka saba. Sannan ta tara iyaye, na gaba daban, na baya daban, ta ce daga yau Auta ce. Ita za ta riƙa zuwa ta zauna a sama, amma ba za ta sauko ba. An yi gunaguni, aka dai fara, abin yana tafiya da ɗingishi.

A cikin masu jira a baya akwai wani mai walda. Lauya da kanta ta yi masa shari'a har ya samu Asabar ɗinsa, bayan an sha ɗage zama. 'Yarsa ƙarama ce sosai, ba ta daɗe da fara haɗa magana ba. Uwar nas ce, mace mai tsare gida, kuma rabuwarsu ba ta yi daɗi ba, ko sunansa ba ta son ji. Shi kuwa kullum shi ne na farkon zuwa, cikin wankakkiyar riga mai 'yan hujojin tartsatsin wuta, ya goge hannu har ya yi fari amma ƙarƙashin farce yana nan baƙi. Asabar ɗin nan ita ce duk abin da ya rage masa na 'yarsa.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Na hau sama kai wa Lauya wani fayil. Auta ta leƙa baya ta ga mai walda tsaye ya jiƙe sharkaf, lungun ba rumfa. Tausayi ya kama ta, ta ce ya shigo ɗakin jira ya zauna kafin ruwa ya tsagaita, ai ba komai. Ko zama bai gama yi ba sai ga nas ta turo ƙofar gaba da yarinya a kafaɗa. Suka haɗa ido. Da ya yi shiru ma da sauƙi, amma bakin namiji, sai cewa ya yi, "Me ya sami yarinyar nan ta rame haka?"

Tabɗi! Daga sama muka jiyo. Kafin in gangaro an tono abin da aka binne tun kafin a haifi yarinyar. Yaran da ke ɗakin suka fashe da kuka. Nas ta saɓi 'yarta ta fita cikin ruwan, tana cewa ta rantse ba za ta ƙara miƙa ta ba sai in Lauya ce da kanta za ta karɓa.

Asabar ta gaba ta zo kuwa, ta tsaya a ƙofar gaba da yarinya a hannu. "A kira mini Lauya."

Auta ta ce, "Ki yi haƙuri, Anti, laifina ne, ba zai sake faruwa ba. Amma ni ce a nan yanzu."

"Ke? Ke da ba ki san inda ke miki ciwo ba? A kira mini Lauya, ko in tafi."

Na hau da gudu, gudun da gwiwata ta yarda da shi. Na ce, "Lauya, ki sauko, matar nan za ta tafi." Tana zaune, ta haɗa hannu bisa tebur, ta ce ta ji. Ba ta motsa ba. Can muka ji an buga ƙofar gaba. Jim kaɗan sai ga takun mutum a matakala, mai walda ne, ya karya doka ya ratso barandan. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula yana murza ta.

"Lauya, don Allah don girman iyayenki. Ba ta yi nisa ba, in kika kira ta za ta dawo. Saukowa ce kawai, ki kama hannun yarinyar nan ki ba ni."

Ta ce, "Malam, in na sauko maka yau, mako mai zuwa kowace uwa sai ta ce sai ni. Ranar da na sake faɗuwa kuma, duk ku rasa gaba ɗaya."

"Ni ban san kowa ba, Lauya. Ni 'yata na sani."

"Na sani. Ka yi haƙuri. Za a gyara."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da hularsa ya sauka.

Ni kam ban iya haƙuri ba. Na rufe ƙofa na ce, "Haba Lauya! Kujerar nan ce ta canza ki? Jiya-jiya kike wanke majinar yaran nan da hannunki, yau matakala ta gagare ki? Mutumin nan me ya yi miki? In Auta za ta koyi aiki, sai a kan bayan talaka za ta koya?" Na faɗi maganganu, wasu ma ba su dace ba, ban kuma janye ba har yau. Ta bar ni na gama, irin yadda take wa mutane a kotu. Sai ta ce, "Ƙawata, kina tsammani ba na son sauka? Ƙafata ce nake dannewa da ɗaya ƙafar." Na duba ƙarƙashin tebur, wallahi haka ne.

Auta ta shigo tana kuka, wai za ta bar aikin. Lauya ta miƙa mata hankici ta ce, "Ba inda za ki. Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ki tambaye ni duk abin da kike so, safe da yamma, amma ƙafata ba za ta je ba, wayata ma ba za ta kira ta ba." Auta ta ce to a koma kotu mana, ai nas ta saɓa hukunci. Lauya ta ce ana iya yi, amma kafin a sa rana, a ɗage, a sake ɗagewa, shekara ta juya, kuma macen da aka tilasta wa da takardar kotu kullum sai ta sami dalilin cewa yarinya ba ta da lafiya. Ta ce wa Auta ta je ta sami nas a wurin aiki, kada ta kai mata doka, kada ta kare kanta, ta dai je.

Haka Auta ta riƙa zuwa asibiti lokacin tashin nas, ta zauna a bencin marasa lafiya da jakarta a cinya. Nas ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Ta koma. Nas ta zage ta gaban mutane. Ta dawo ta yi kukanta a ɗakin Lauya, aka ba ta ruwa, aka ce ta sake komawa. A ƙasa kuma sauran iyaye suka fara gwada sa'arsu, wannan ta ce sai Lauya, waccan ta ce sai Lauya. Da suka ga ko nas ba a sauko mata ba, suka haƙura ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa wa Auta suna harara. Abin da Lauya ta hango ke nan, na yarda. Amma yarda daban, daɗi daban.

Don mai walda bai fasa zuwa ba. Kowace Asabar yana nan a lungu tun da safe, cikin wankakkiyar rigarsa, yana kallon wasu suna karɓar nasu suna tafiya. In rana ta yi tsaka ya juya. Tagar sabon ɗakin Lauya kuwa lungun take kallo. Na ce ta bari in juya mata tebur, ta ce a'a, a bar shi haka. Na ce to ta daina zuwa ranar Asabar mana, ta huta a gida, ai don haka aka yi duk wannan. Ta ce sai ranar da aka gyara. Ta rame a idona. Abincin da nake ajiye mata haka nake ɗauke shi. A lokacin ne mai fenti ya zo ya rubuta sunanta a allon ƙofa, ko fita dubawa ba ta yi ba.

Sai da damina ta kusa wucewa nas ta sauko. Ban san me Auta ta gaya mata ba, ita ma ta ce ba ta faɗi wani abin kirki ba, nas ce dai wata rana ta zauna kusa da ita a bencin ta cire takalmi ta ce ta gaji. Asabar ɗin da ta biyo baya ta kawo yarinyar, ta miƙa wa Auta ba tare da ta dube ta ba.

Ina ƙofar baya, na ga komai. Auta ta taho da yarinyar a hankali, ta tsaya a famfo ta wanke mata fuska, ta goge, ba abin da ta manta. Na buɗe ƙofa. Mai walda ya durƙusa a ƙasa ya ware hannuwa, bakinsa har kunne. Yarinyar ta tsaya ta dube shi. Sai ta juya ta cusa fuska a siket ɗin Auta, ta ƙanƙame ta. Ya kira ta da sunan da yake kiranta, ta ƙara ƙanƙamewa. Da ƙyar da lallashi aka ɓamɓare ta, ya tafi da ita tana miƙo hannu baya tana ihu.

Da yamma, bayan an mayar da kowane yaro, Lauya ta sauko za ta tafi gida, ina biye da ita. Muka tarar da shi a gindin matakala yana jira. Bai ɗaga murya ba.

"Lauya, na ga suna a allo. Allah ya sanya alheri."

Ta ce amin.

"Yau wuni guda ba ta ce mini Baba ba. Ta ƙi cin abinci a hannuna, sai da ƙanwata ta ba ta. Ta yi ta ce wa ƙanwata, ki gaya wa mutumin nan ya kai ni wurin Mama."

Lauya ta ce, "Yarinya ce. Za ta tuna ka, in sha Allahu."

"Na san za ta tuna. Ni ma kuma zan tuna."

Ya fita ta ƙofar baya. Lauya ta zauna a kan matakala, a nan inda take, da jakarta da komai. Sai ga Auta ta fito da fara'arta, tana cewa yau dai an gama lafiya, ba wanda ya yi rigima, ba wanda ya tambayi kowa. Lauya ta ɗago ta ce, "Madalla, 'yata. Sannu da aiki." Da Auta ta wuce ta ce in kira mata maigidanta ya zo ya ɗauke ta, ba za ta iya tuƙi ba.

Yanzu Asabar tana tafiya ba ita. Auta ma ta koya wa wasu biyu, suna karɓa-karɓa, Lauya tana gida ta miƙe ƙafa, ko da yake 'ya'yan da za ta zauna da su duk sun girma sun watse. Yarinyar ta koma cewa Baba, na ji da kunnena. Mai walda kuwa in suka haɗu da Lauya a titi sai ya sauya hannu. Bai ƙara gaishe ta ba, ita kuma ban taɓa jin ta ce bai kyauta ba.